Haɗa ƙungiyar NFL: daidaito ba raba kuɗi gida biyu ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasanni in tsoma baki a muhawarar da ke tashi duk watan Fabrairu, bayan an buga Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka, irin wadda ake gudu da ƙwallo a hannu. Wasu su ce 'yan baya ke cin kofi, wasu su ce zamani ya wuce nan, wanda ya fi tara maki shi ke da gari. Duka ɓangarorin suna mantawa da abubuwa biyu da suka ɗaure mai haɗa ƙungiya: yawan mutanen da doka ta ba shi, da kuɗin da ta ƙayyade masa.

A gasar NFL ƙungiyoyi 32 ne, kowacce tana da gurbin 'yan wasa 53, kuma 48 ne kawai za su sa riga ranar wasa, shi ma sai idan takwas daga cikinsu 'yan katangar gaba ne, wato ƙartin da ke kare mai jefa ƙwallo. Uku an riga an ware su: mai bugun raga, mai bugun nesa, da mai miƙo musu ƙwallo. Saura 50, waɗanda aka saba rabawa kusan 25 masu kai hari, 25 masu tsaro. A wajen hari ana riƙe kwatabak biyu ko uku, wato mai jefa ƙwallo da ke jan ragamar wasa, da masu gudu da ƙwallo uku ko huɗu, masu cafkewa biyar ko shida, masu tarewa su kuma cafke uku ko huɗu, sai ƙartin katanga tara ko goma. A wajen tsaro, ƙartin sahun farko takwas zuwa goma, 'yan tsakiya biyar ko shida, 'yan can baya goma ko sha ɗaya.

Wannan lissafin ba ya ba kowa wahala. Rigimar tana wajen kuɗi. A kakar 2024 iyakar albashin kowace ƙungiya dala miliyan 255.4 ce, a 2025 ta kai miliyan 279.2, kuma mai ƙungiya komai arzikinsa ba shi da ikon tsallake ta. A shekarar 2024 ɗin nan Dallas ta ba kwatabak ɗinta Dak Prescott kwantiragin da ya kama dala miliyan 60 a shekara. Idan mutum ɗaya ya kwashi irin wannan kaso, maganar raba kuɗi daidai wa daida tsakanin gaba da baya ta mutu tun ba a fara ba. Abin da ya rage wa shugaban ƙungiya shi ne ya san ɓangaren da zai saya da tsada, sannan ya cike ɗayan da matasa masu araha.

Arahar nan daga zaɓen 'yan jami'a take fitowa, wanda ake yi a ƙarshen Afrilu cikin zagaye bakwai. Tun yarjejeniyar 2011 an ƙayyade albashin sabon ɗan wasa, kwantiraginsa shekara huɗu ne, wanda aka ɗauka a zagayen farko kuma ana iya ƙara masa ta biyar. Seattle ta ci moriyar wannan sosai. Ta ɗauki kwatabak Russell Wilson a zagaye na uku a 2012, albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. 'Yan tsaronta Richard Sherman da Kam Chancellor duk 'yan zagaye na biyar ne. Rarar da ta samu ta sayo Michael Bennett da Cliff Avril a 2013, masu farautar kwatabak. A Fabrairun 2014 ta haɗu da Denver, wadda ta kafa tarihi da maki 606 a kaka ɗaya, kwatabak ɗinta Peyton Manning ya jefa ƙwallo 55 da suka kai gida, wato ƙarshen filin abokan karawa inda ake cin maki. Daƙiƙa 12 da fara wasa aka miƙo ƙwallo Manning bai shirya ba, ta wuce ta saman kafaɗarsa ta faɗa gidansu, maki biyu suka tafi Seattle. Aka tashi 43 da 8.

Masu cewa tsaro ke cin kofi a nan suke tsayawa. Ni abin da Denver ta yi bayan nan ya fi ba ni sha'awa. Ba ta rushe harinta ba, sai ta shiga kasuwa a watan Maris ta ɗauko 'yan tsaro DeMarcus Ware da Aqib Talib da T.J. Ward, ta haɗa su da Von Miller da take da shi. Bayan shekara biyu, lokacin hannun Manning ya yi sanyi, waɗannan mutanen ne suka ciyo mata kofi a kan Carolina da ci 24 da 10.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan wasa bangon da ya fi saurin tsagewa shi ne katangar mutum biyar da ke gaban kwatabak. Su biyar ɗin ba a canja su, suna buga kusan kowane zubi na wasa, wajen 60 zuwa 70, alhali ƙartin tsaro da ke dukansu ana hutar da su bi da bi. Shi ya sa na shida da na bakwai a katanga suke da daraja fiye da yadda albashinsu ke nunawa, musamman wanda zai iya tsayawa a gefen hagu da na dama. A Fabrairun 2021 Kansas City ta je wasan ƙarshe ba Eric Fisher ba Mitchell Schwartz, masu tsare gefe biyun, duk rauni ya kwantar da su. Duk wanda ya kalli wasan zai tuna kwatabak ɗinsu Patrick Mahomes yana gudu da baya yadi goma sha, yana waiwaye, har akwai jifan da ya yi jikinsa a kwance cikin iska. Ba su kai ƙwallo gida ko sau ɗaya ba. Tampa Bay ta ci 31 da 9.

Gyaran da 'yan Kansas City suka yi, a ganina, shi ne darasin da ya fi cika. A 2021 suka sayo Joe Thuney, suka yi musanya suka kawo Orlando Brown, suka zaɓi Creed Humphrey a zagaye na biyu da Trey Smith a na shida, dukkansu 'yan katanga. Da kwantiragin Mahomes na dala miliyan 450 cikin shekara goma ya fara nauyi, a Maris 2022 suka haƙura da Tyreek Hill, ɗan wasansu mafi gudu, suka miƙa shi Miami suka karɓi gurbin zaɓe biyar. A zaɓen shekarar suka kwaso matasan tsaro: Trent McDuffie, George Karlaftis, Bryan Cook, Leo Chenal, Jaylen Watson. Suka ɗauki kofi sau biyu a jere, kuma a kakar 2023 ƙungiya ɗaya ce kaɗai aka fi wahalar ci fiye da su. Kuɗinsu na wajen kwatabak, zaɓensu na wajen tsaro.

Cincinnati ita ce misalin abin da ke faruwa idan zaɓe bai biya ba. A 2024 kwatabak ɗinsu Joe Burrow ya fi kowa yadin jifa, 4,918, da ƙwallo 43 da suka kai gida. Ja'Marr Chase ya fi kowa cafkewa, 127. Duk da haka wasa tara suka ci, aka ci su takwas, ba su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba. Baltimore ta doke su 41 da 38, ta sake doke su 35 da 34. Kuma fa suna da Trey Hendrickson, wanda ya fi kowa kayar da kwatabak a kakar, sau 17.5. Gwani ɗaya ba ya rufe ramuka goma, domin mai tsara hari mako guda yake yi yana kallon bidiyo yana neman ɗan bayan da ya fi rauni, ranar wasa kuma can zai yi ta jifa.

Akwai kuma tarkon kuɗin hannu. Doka ta yarda a shimfiɗa kuɗin sa hannu a kan shekarun kwantiragi, har biyar, sai albashin bana ya yi kamar kaɗan ne. Ranar da aka sallami ɗan wasan, ragowar duka ta faɗo kan lissafin kaka ɗaya ko biyu. Da Denver ta rabu da Russell Wilson a 2024, bayan ta karɓo shi daga Seattle, dala miliyan 85 ta ɗauka cikin kaka biyu a kan mutumin da ke buga wa wata ƙungiya.

A ɓangaren tsaro, inda ya fi cancanta a zuba jari shi ne ƙarti huɗu da za su isa kwatabak ba tare da an ƙaro musu kowa ba, domin hakan na barin mutum bakwai su rufe masu cafkewa. Haka New York Giants ta kayar da Tom Brady, kwatabak ɗin New England, sau biyar a Fabrairun 2008, ta ci New England 17 da 14, ƙungiyar da ta yi wasa 18 ba a doke ta ba, kuma cikin ƙartin har da Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya. Haka Philadelphia ta kayar da Mahomes sau shida a Fabrairun 2025, aka tashi 40 da 22. Sai kuma ɗan baya na biyar: yanzu yawancin ƙungiyoyi da masu cafkewa uku suke fitowa, don haka shi ba ɗan benci ba ne, ɗan sahun farko ne, a nemo shi da wuri.

Roƙona, Malam Edita, ka sa ma'aikatan shafin wasanni su riƙa bibiyar gasar nan a watan Maris lokacin da kasuwa ke buɗewa, da Afrilu lokacin zaɓe, da ƙarshen Agusta lokacin da ake rage mutum 90 su koma 53. Su gaya mana nawa kwatabak ya ci a iyakar albashi, mutum nawa a sahun farko ke kan kwantiragin farko, da kuma wanda zai shiga idan mai tsare gefen hagu ya ji rauni.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar shafin wasanni