Avatar ba kyan hoto ba ne kawai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da nake yawan ji duk sanda aka ɗauko hirar Avatar, fim ɗin nan na James Cameron mai shuɗɗan mutane dogaye, wai ai shi ba komai a cikinsa sai kwalliya, wai in ka cire kyan hoto shi ke nan babu labari. Gaskiya ni wannan magana ba ta kwanta min a rai ba.

Kyan hoto kam akwai shi, ba mai musu. Ya fito a Disamba 2009, jama'a suka dinga cika sinimomi da tabaran nan na 3D, kuɗin da ya tara in aka haɗa da sake haska shi da aka yi daga baya ya kai wajen dala biliyan 2.9. Kyautar Oscar uku ya ci kuma duk ukun na abin da ido ke gani ne, ɗaukar hoto da tsara wurare da aikin kwamfuta, ta gwarzon fim kuwa The Hurt Locker ne ya tafi da ita. To da wannan masu waccan magana suke kafa hujja, kuma na yarda suna da abin faɗa. Har ma a Janairu 2010 CNN ta kawo rahoto cewa akwai 'yan kallo da suka shiga damuwa bayan sun fito daga sinima saboda Pandora, duniyar da ke cikin fim ɗin, ba ta gaske ba ce, ba za su taɓa zuwa can ba, duniyarmu ta yi musu dishi-dishi. Wallahi wannan abin tausayi ne, mutum ya zauna yana kewar dajin da aka zana a kwamfuta alhali ga dazuzzukan da Allah ya halitta ana ta sarewa a gaban idonsa.

Amma fa ba su kaɗai suka kalli fim ɗin ba. Mene ne labarin? Kamfani ne ya zo da sojojin haya da manyan injina yana son wani dutse da ake sayar da kilo ɗaya dala miliyan 20, dutsen kuma yana ƙarƙashin bishiyar da mutanen Na'vi, wato shuɗɗan mutanen nan, ke zaune a ciki tun kaka da kakanni, aka lallashe su suka ƙi tashi, sai aka kayar da bishiyar da wuta suna ciki da mata da yara. Wanda bai taɓa ganin an zo an ce ya tashi daga gonar ubansa ba shi ne zai ce wannan tsohon labari ne ya gundure shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙauyen Bil'in na Falasɗinu, a Fabrairu 2010, masu zanga-zangar adawa da katangar da Isra'ila ta gina ta ratsa gonakinsu sun shafe jikinsu da shuɗin fenti suka fito a matsayin Na'vi, aka harba musu barkonon tsohuwa, hotunan suka zagaye duniya. Su ba tabarau suka gani ba, kansu suka gani. Wanda ya fi taɓa ni ma shi ne na Indiya. Akwai wata ƙaramar ƙabila Dongria Kondh a jihar Odisha, suna zaune a tsaunukan Niyamgiri da suke girmamawa ƙwarai, kamfanin Vedanta yana son haƙar ma'adinin da ake yin alminiyam da shi a saman tsaunin, sun daɗe suna kokawa ba wanda ya kula da su sosai a waje, da fim ɗin ya fito sai ƙungiyar Survival International ta sa talla a mujallar Variety ta masu harkar fim tana roƙon Cameron ya dubi waɗannan mutane, nan da nan jaridu suka fara kiransu Na'vi na gaske. A Agusta 2010 gwamnatin Indiya ta hana izinin haƙar, a 2013 kotun ƙoli ta ce a tambayi mutanen da kansu, ƙauyuka 12 aka tambaya duk suka ce ba su yarda ba. Ban ce fim ne ya ci musu wannan nasara ba, su suka yi tsayin daka shekara da shekaru, amma ya sa an juyo an kalle su a lokacin da suke bukatar haka. A Brazil kam abin bai yi ba, Cameron ya je har yankin kogin Xingu a 2010 yana goyon bayan 'yan asalin wurin kan madatsar ruwa ta Belo Monte, amma sai da aka gina ta.

Inda nake tare da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne maganar jarumin. Me ya sa sai Jake Sully, sojan Amurka da ya zo jiya, shi ne zai koyi komai cikin 'yan watanni ya fi 'yan gida iyawa, ya hau tsuntsun da ya gagari samarinsu, ya jagorance su yaƙi? Wannan ciwon Hollywood ne tun fil azal, ba sa iya barin wanda aka zalunta ya ceci kansa sai an kawo masa Bature. Mutanen Niyamgiri kuwa ba wani Jake da ya sauko musu, tsofaffi da mata ne suka tashi ɗaya bayan ɗaya a taron ƙauye suka ce a'a.

Na biyun da ya fito a Disamba 2022, The Way of Water, awa uku da minti 12, shi ma haka aka yi ta surutu kan kyan ruwa da yadda jarumar fim Kate Winslet ta riƙe numfashi a cikin ruwa sama da minti bakwai lokacin aikin fim ɗin, ya tara sama da dala biliyan 2.3, amma kaɗan ne na ji suna maganar wurin da aka kashe uwar wata ƙatuwar dabbar ruwa da ɗanta a gefe don kawai a zuƙe wani ɗan mai a kanta a yar da sauran, wanda ni a wurina shi ne zuciyar fim ɗin gaba ɗaya.

Mu nan yawancinmu a waya muka kalla ko a ƙaramar talabijin, ba 3D ba babban allo, don haka labarin ne ya fi iso mana, kuma bana jin mutumin garin Arlit na ƙasar Nijar da ya tashi ya tarar ana haƙar yuraniyam a bayan garinsu tun shekarun 1970 zai bukaci a yi masa dogon bayani. Shi ya sa nake roƙon ka Malam Edita, in za a yi sharhin irin waɗannan manyan finafinai a shafinku na nishaɗi, a dinga gaya mana yadda mutanen wurare daban-daban suka karɓe su, kar a tsaya kan kuɗin da suka tara da sunayen taurari.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya