Rahoton Ayyukan Shekara: Atisayen Gida da Tafiyar Yankari

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobin ƙungiyarmu ta tattaki da kallon namun daji. Ga abin da kwamiti ya gudanar a wannan shekara, da gyaran da muke so a yi kafin fita ta gaba.

Atisayen gida bai tsaya ba. Kowace Asabar ta farkon wata ana tattaki daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, galibi a kewayen dam ɗin Ajiwa da ke kusa da Katsina, inda sababbin mambobi ke koyon riƙe tabaran hangen nesa a kan zalɓe, belbela da shamuwa idan damina ta kawo ta. Yankin dajin Rugu kuwa har yanzu kwamiti bai yarda a leƙa shi ba saboda tsaro, kuma wannan matsaya ba ta canza ba.

Babban aikin shekara shi ne tafiyar Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Daga Katsina ana bi ta Kano, Birnin Kudu, Ningi, a shiga Bauchi, a ɗauki hanyar Gombe, a karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40 a cikin daji, don haka tafiyar yini guda ce cur. Motar da ba ta bar Katsina da sassafe ba, dare zai same ta a hanya.

Abin da ya fi komai tasiri a kan abin da aka gani shi ne lokaci. Rukunin da ya fita da gari ya waye ya ga ɓauna, gwambaza, mazo da mugun dawa a bakin kogin Gaji, ya kuma tarar da ɗanyen kashin giwa da sawunta. Rukunin da ya tsaya karin kumallo ya fita bayan ƙarfe tara, bai samu komai ba sai gwaggon biri da zabin daji. Dalilin a fili yake: rana na ɗagawa dabba ke shigewa inuwar kurmi, ba ta sake fitowa sai la'asar sakaliya. Haka ma watan da aka zaɓa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta kwanta, tafkunan daji sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro Gaji. Da damina kuwa ruwa ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, sai a wuni ana kallon ganye.

Ba a sauka mota a taka daji sai da ma'aikacin gandun, kuma shi ke gaba. A yi layi ɗaya, kada rukuni ya wuce mutum 8, waya a kashe mata ƙara. A yi ƙoƙari iska ta riƙa bugun fuska, domin idan ta biyo ta baya, warin mutum ya riga shi isa. Giwa idan ta baza kunnuwa tana kaɗa kai, gargaɗi take yi: a ja da baya a hankali, ba gudu, ba ihu. Mai ɗa a gefe ta fi kowace haɗari.

Kurakuranmu na bana uku ne, duk na shiri. Wasu sun sa shuɗi da baƙi, launukan da ƙudan tsando ke bi, suka sha cizo. Kakin soja ko ruwan ƙasa mai dogon hannu ya fi. An ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi ga kowa, bai kai ba. A zafin bazara a ware lita 3, da ƙunshin gishiri da sukari na zawo ko biyu. Sai takalmi: sabon kambas yana fitar da bororo a sa'a biyu, silifas kuma santsi yake a kan dutsen yashi, musamman a hawan kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse. Wurin ya cancanci a zauna a dube shi da natsuwa, ba a ɗauki hoto a juya ba.

Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke kusa da masaukin, yana nan a ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, garau har ana ganin yashin ƙasa. Sai dai kada a bar jaka a bakinsa ko taga a buɗe a masauki. Gwaggon birin wurin ya saba da mutane, ya san leda, kuma ba shi abinci da hannu ne ke ƙara masa tsaurin ido.

Kwazazzabon Tonlong da ke yammacin dajin bai samu shiga ba bana, kwana biyu sun yi kaɗan. Kwamiti na ba da shawarar kwana uku a fita ta gaba, a ranar da ba ta faɗa cikin azumi ba. Mai niyya ya ba sakatare sunansa a taron wata mai zuwa, domin da yawan mutane za a yanke girman motar haya da adadin ɗakuna.