Rahoton Kwamitin Gyaran Wutar Makarantar Islamiyyarmu ta Gwammaja

Assalamu alaikum iyaye, malamai da duk wanda ya sa hannu a wannan aiki. Cikin ikon Allah an kammala sauya wayoyin wutar azuzuwa, ofis da ɗan masallacin makaranta. Fankoki na juyawa, sumon rijiyar burtsatse na ɗago ruwa, ƙaurin robar da ke tashi daga soket ɗin ofis kuma ya ɗauke.

Da yawanku kun tambayi dalilin da ya sa muka mayar da wayar da aka fara sayowa, har aiki ya ɗan tsaya. Kuɗin jama'a ne, dole mu yi bayani.

Lambar da ake rubutawa a jikin waya, 1.5 ko 2.5, faɗin bakin tagullar ne idan an yanke ta, a murabba'in milimita. Bakin kuwa da'ira ne. Injiniyanmu ya feɗe robar, ya kama tagullar da ma'aunin kauri, mu kuma muka yi lissafi a kan allon aji: a raba kaurin biyu, a ninka rabin da kansa, sannan a ninka da 3.14. Wayar 2.5 ta gaskiya kaurinta kusan milimita 1.78 ne. Rabinsa 0.89, an ninka shi da kansa ya ba da 0.792, sau 3.14 ya kai 2.49. Wadda aka kawo mana a matsayin 2.5 kuwa kaurin milimita 1.5 ta nuna, wato faɗinta bai wuce 1.77 ba. Da ido ba za ka gane ba, domin an cike gurbin da roba mai kauri. Amma kusan kashi uku cikin goma na tagullar babu shi, kuma siririyar waya ita ce ke ɗaukar zafi idan kaya sun yi mata yawa. Makarantar da yara ke cika safe da yamma, wallahi ba za mu binne irin wannan a bango ba.

Babbar wayar da ta taso daga mita mai silli bakwai ce, don haka silli ɗaya muka auna. Ya nuna 1.35, faɗinsa 1.43, sau bakwai ya cika 10 kamar yadda aka rubuta. Falallen tagullar da ke sauke tsawa zuwa ƙasa bai ba mu wahala ba, faɗi sau kauri ne kawai, 25 sau 3, wato 75.

Yanzu fitilu na kan 1.5, soket-soket na kan 2.5, sumo kuma an ja masa layinsa daban da birekarsa.

Muna godiya ga matasan unguwa da suka fasa bango suka shafe kyauta, da iyayenmu mata da suka riƙa aiko da abincin ma'aikata. Allah ya saka da alheri. Rasitai da guntayen wayoyin biyu suna wajen ma'aji, mai son gani ya same shi a ofis bayan sallar La'asar. Abin da ya rage shi ne fentin wuraren da aka shafe, za a tattauna kuɗinsa a taron iyaye mai zuwa.