Ina makomar lamivudine ga masu ciwon hanta nau'in B?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani tsohon magani da har yau wasu masu ciwon hanta nau'in B ke sha shi kaɗai, wato lamivudine.

Da aka amince da shi a Amurka a 1998, an yi murna ƙwarai. Kafin zuwansa sai allurar interferon, wadda ke jigata mai ciwo da zazzaɓi da kasala. Sai ga ƙwaya ɗaya a rana, mai sauƙi a jiki, tana danne cutar. Wannan alheri ne da bai kamata a manta ba.

Matsalarsa ita ce ƙwayar cutar tana saurin sauya kama ta bijire masa. Cikin shekara 5, kusan kashi 70 cikin 100 na masu shan sa ya daina yi musu aiki. Mutum na nan yana sha kullum da zuciya ɗaya, cutar kuwa ta farfaɗo tana cin hantarsa. Abin da ya fi damuna, bijirewar tana rage ƙarfin entecavir, wani maganin wannan ciwon, idan daga baya aka koma kansa. Shi ya sa tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tenofovir ko entecavir.

To, zamaninsa ya wuce ke nan? A ganina, shi kaɗai dai ya wuce. Amma yana nan daram cikin haɗin maganin cuta mai karya garkuwar jiki, tare da tenofovir da dolutegravir. Kuma ƙa'idojin hukumar na 2024 sun yarda a haɗa shi da tenofovir ga mai ciwon hanta idan ba a samu tenofovir zalla ba.

Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a duniya a 2022. Don Allah, Edita, ka gayyato likitan hanta ya yi wa jama'a bayani. Mai shan lamivudine shi kaɗai ya koma wurin likitansa a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, a duba ko lokacin sauyi ya yi. Amma kada ya daina sha da kansa, domin yanke shi farat ɗaya kan sa ciwon ya taso da ƙarfi har hanta ta gaza.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum