Zuwa ga ɗana, kan kalmar trader

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ga hoton fom ɗin da ka turo in duba maka, kuma tun ban kai ƙarshensa ba idona ya tsaya a gurbin sana'a. Ka rubuta tradesman. Goge shi kafin ka miƙa. Mutumin Ingila in ya ji tradesman, mai gyaran famfo yake hangowa, ko kafinta, ko mai haɗa wayar lantarki, wato mai sana'ar hannu. A da can kalmar takan ɗauki mai kanti, amma wanda zai karanta fom ɗinka yau ba nan hankalinsa zai tafi ba. Kai kuwa ko ƙusa ba ka iya bugawa a miƙe ba, mahaifiyarka shaida ce.

Kalmar da kake nema ita ce trader, mai saye da sayarwa don ya ci riba. Ita muka ara muka ce tireda, sai dai a bakinmu ta ƙanƙance, ta tsaya kan mai ƙaramin shago. A Turanci ta fi haka faɗi, kuma a nan ake yin tuntuɓe. Mai baza kaya kan tebur a kasuwa market trader ne. Wanda ke zaune gaban kwamfuta a wani banki a Landan, yana saye da sayar da hannun jari da kuɗaɗen ƙasashe, shi ma trader ake ce masa. In ka rubuta ta tsurarta a takardar da za ta shiga hannun ma'aikatan kuɗi, a wannan na biyun za su ɗauke ka. Don haka ka riƙa jingina mata hajarka. Tunda yadi kake sayarwa, rubuta textile trader, magana ta ƙare.

Asalinta ya daɗe yana burge ni. Trade ta shigo Turanci a ƙarni na 14 daga Jamusancin arewa na wancan zamani, kuma ma'anarta a lokacin hanya ce, turbar da ƙafa ta saba takawa. Uwarsu ɗaya da tread, wato taka. Sai a ƙarni na 16 ta koma nufin ciniki. Ni dai falke take tuna mini, mai bin hanya ɗaya yau da gobe har ta san sawunsa.

Merchant kuma daga Faransanci ta zo, tushenta kalmar Latin mai nufin haja. Tana da ƙamshin tsufa da girma, irin na attajiri mai jigilar kaya tsakanin ƙasashe, ko da yake bankuna yanzu suna kiran duk shagon da ke karɓar kuɗi ta kati da ita. Broker dillali ne, kayan ba nasa ba ne, la'ada yake ci. Dealer ce nake so ka yi hattara da ita. Car dealer ba laifi, amma in ka faɗe ta ita kaɗai, da yawa mai sayar da ƙwaya za su ji.

In fom ɗin na Birtaniya ne ka ci karo da sole trader, ba hajarka ake tambaya ba. Matsayi ne a wajen hukumar haraji: mai aikin kansa shi kaɗai, ko da aski yake yi. Amurkawa sole proprietor suke cewa.

Saura furuci. A bakin Ba'amurke trader da traitor, wato maci amana, kusan sauti ɗaya suke fita, domin yakan tausasa t ɗin tsakiya ta koma kamar d. In ka ji haka a waya kada ranka ya ɓaci, sana'arka ya ambata.

Ka gyara ka sake turo mini kafin Litinin. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce maganar ƙusa gaskiya ce.

Mahaifinka.