Amsa ga ɗana da ya tambaye ni a kan jibin Ubangiji

Ɗana,

Ka miƙe a taron zumuntar matasa, gaban kowa, ka ce: "Baba, yaya zan sa hannu a faranti ɗaya da mutumin da ya yi murna ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe, alhali ana zubar da jini a garin nan? Kai da kake dattijon ikkilisiya, wane ɓangare kake?" Farantin jibin Ubangiji kake nufi, gurasar da muke ci tare a coci don tunawa da Yesu. Ban ba ka amsa a wurin ba, domin na ji muryarka na rawa, ni ma tawa da ta yi rawa. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Na fita na jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasar Kamaru ranar 12 ga Oktoba, 2025, kuma ina da wanda na zaɓa. Ranar 27 ga wata, da aka ce Paul Biya ya samu kashi 53.66, Isa Ciroma Bakari kuma 35.19, ina zaune a gida a nan Garwa, ƙofa a kulle, jikoki a ƙarƙashin gado. An rasa rayuka a nan, an rasa a Duwala. Duk Kiristan da ya ce wannan ba komai ba ne, ko wa ya zaɓa, zan same shi har gida in gaya masa ya yi kuskure. Wannan kam ba na ɓoye shi, na ma faɗe shi a majalisar dattawa.

Amma ka lura da tarkon da aka ɗana mana, mu Kiristocin arewa. Wani ya zo ya ce Biya Kirista ne, wanda ya juya masa baya ya sayar da addininsa. Wani ya biyo baya ya ce Ciroma ɗan gida ne, wanda bai bi shi ba ya ci amanar arewa. Da igiya biyu ake jan mu, kowanne kuma ya tsinci ayar da zai ɗaura mana a wuya. Na duba, ban ga inda aka yi wa wani baftisma da sunan RDPC, jam'iyyar Biya, ko FSNC, jam'iyyar Ciroma, ba.

Kai yaro ne, bari in tuna maka abin da idona ya gani. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu, 1984, an kama Ciroma, ya yi shekaru a kurkuku. Ya fito, ya zama ministan Biya a 1992. Daga 2009 zuwa 2019 shi ne ministan sadarwa, bakin gwamnati, yana kare ta a rediyo muna ji da kunnenmu. Sai a Yunin 2025 ya ajiye aiki ya fito takara. Bello Buba Maigari shi ne firaministan Biya na farko a 1982, ya yi gudun hijira a Najeriya, ya kara da shi a 1992, ya dawo ya shiga gwamnati, ya sake fita. Ba aibata su nake yi ba, haka siyasa take juyawa. Abin da ke damuna shi ne, na san wa da ƙane da suka daina gaisawa a zaɓen 1992. Manyan da suka yi faɗa dominsu sun shirya bayan 'yan shekaru, su kuwa har ƙanen ya rasu wan bai taka gidansa ba. Ni na yi addu'a a bakin kabarin.

Cikin sha biyun da Yesu ya kira akwai Matiyu, mai karɓar wa Romawa haraji, akwai kuma Saminu, wanda ake kira mai kishin ƙasa. Irin su biyun nan ba sa shan inuwa ɗaya. A daren da aka bashe shi, dukansu ya miƙa wa gurasa ɗaya da ƙoƙo ɗaya. Teburin nasa ne, ɗana. Ni dattijo aikina in zaga da faranti kawai, ba ni da ikon tsallake kujerar wani saboda ƙuri'arsa, kai ma ba ka da shi.

Mutumin da kake nufi na san shi, na kuma san ba mutuwar kowa ya yi wa murna ba. Tsoron yaƙi ne ya cika masa ciki, domin daga wajen Mora ya gudo da iyalinsa lokacin da Boko Haram ta addabi yankin. Ina ganin lissafinsa bai yi daidai ba, na gaya masa, shi ma ya gaya mini nasa. Kai ka taɓa zama ka ji ta bakinsa?

Ranar Lahadi bayan sujada zan je gaisuwa gidan maƙwabcinmu Musulmi da ya rasa ɗansa a rikicin nan. Na roƙi mutumin nan da kake nufi ya raka ni, ya ce to. Ka zo mu tafi mu uku, zan jira ka a bakin ƙofar coci.

Babanka cikin Ubangiji,
Wani dattijon ikkilisiya, Garwa