Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Shika

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan iyalan Zariya masu neman izinin zama na dindindin a Kanada, waɗanda ke da ɗa baligi mai lalurar da ta hana shi riƙe kansa. Makomar takardunsu tana rataye ne da fayil ɗin asibiti.

Tun 24 ga Oktoba 2017, ɗan da iyaye za su sa cikin takardarsu dole ya kasance bai kai shekara 22 ba kuma bai yi aure ba. Yarinya 'yar shekara 20 da aka ɗaura wa aure ta fita daga lissafi. Saurayi ɗan 24 da ke karatu a Samaru shi ma ya fita, ko da uba ne ke biya masa har kuɗin sabulu. Wanda ya kai 22 sai ya cika sharuɗɗa biyu a tare: iyaye ke ɗauke da nauyinsa tun kafin ya kai wannan shekarun, kuma lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ce ta hana shi neman na kansa.

Nan gizo ke saƙar. Takarda mai layi uku da ke cewa "yana da farfaɗiya" ko "mai sikila ne" ba ta kai ko'ina, domin masu sikila da yawa suna aiki suna riƙe gida. Jami'in shige da fice na Kanada da ke duba takardun yana son ranar da aka fara ganin yaron, abin da gwaji ya nuna, da dalilin da lalurar ta hana shi sana'a. Haka kuma sunayen magungunansa da yawan zuwansa asibiti, saboda Kanada na lissafa abin da jinyarsa za ta ci cikin shekara 5. In ya zarce ƙa'ida za a aiko da wasiƙa, a ba iyali kwana 90 su kare kansu.

Sai batun suna. Katin asibiti ya ce Moh'd, fasfo ya ce Muhammad, a gurbin shekaru kuma an yi kirdado. Wannan kaɗai kan jawo tambayoyi na watanni.

Rahotonku ba ya maye gurbin gwajin likitocin da Kanada ta amince da su, wanda Bazazzagi kan je Abuja ya yi kuma sakamakonsa ke aiki wata 12 kacal. Amma likitan can ganin rana ɗaya zai yi wa yaron. Tarihin shekara ashirin yana hannunku.

Don haka muna roƙon a ware tebur guda na irin wannan rahoto, mai sanannen kuɗi da wa'adin da bai wuce mako biyu ba, domin wanda aka gayyata ta tsarin Express Entry, wato hanyar da Kanada ke ɗaukar ƙwararrun ma'aikata don zama na dindindin, kwana 60 gare shi ya miƙa komai. A kwafe tsofaffin fayiloli a kwamfuta, a kuma daidaita suna da ranar haihuwa da na fasfo kafin babban likita ya sa hannu da hatimi.

Muna kuma roƙon likitoci su riƙa jan kunnen iyaye: kada dillalin biza ya ce musu su ɓoye yaron, wai a ɗauko shi daga baya. Ko ba za a tafi da shi ba, dole a ambace shi kuma a yi masa gwaji. Ɓoyewa kan jawo haramcin shiga na shekara 5, ta kuma toshe hanyar ɗauko shi.

Allah Ya taya riƙo.

Daga wasu masu taimaka wa iyalai cika takardun tafiya, Zariya.